Darasi na Tara: Soket da Haɗarin Gobara a Yankin Noman Rani

A Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke raya noman rani, ɗaki guda kan haɗa buhunan shinkafa, jarkar fetur da soket. Soket na gida amfiya 13 yake ɗauka, wato kimanin wat 3,000. Cajin batirin babur mai lantarki kuwa yakan ja wuta sa'o'i da dama ba yankewa. Idan wayar siririya ce, ko filogi ya yi sako-sako, zafi kan taru har roba ta narke, gobara ta tashi. Don haka a keɓe wa caji soket nasa, nesa da fetur. In wuta ta kama, a fara yanke lantarki, kada a watsa ruwa kafin nan.

Aiki: Fitar da kalmomin aro biyar daga wannan bayani, ka nuna yadda Hausa ta sauya furucinsu.