Darasi: Mai Ciwon Sukari da Hanyoyin Jinin Ƙafarsa

 

Ya ku ƴan'uwa musulmi, sau da yawa mukan ga dattijo yana tahowa masallaci, sai sharaɓarsa ta ɗaure, ya tsaya ya huta kaɗan, ciwon ya lafa, ya ci gaba. Mutane su ce tsufa ne. Idan yana da ciwon sukari, to, lalle a bincika.

Ku sani, zuciya tana tura jini zuwa ƙafafu ta manyan hanyoyi. Ciwon sukari, da taba, da hawan jini suna sa maiƙo ya taru a bangon hanyoyin nan har su ƙuntata. Jini ya ƙaranta, ƙafa ta yi sanyi, ɗan miki ya ƙi warkewa, ya zama gyambo, ya ruɓe, har a kai ga yanke ƙafa. Abin tsoron shi ne, sukari yana kashe jijiyoyin ji, sai cutar ta yi nisa mutum bai ji zafi ba. Don haka ba a jiran zafi.

Binciken hawa uku ne.

Na farko: sau ɗaya a shekara aƙalla, mai ciwon ya tuɓe takalmi gaban likita, a taɓa bugun jini a bisa ƙafa da kuma bayan idon sawu ta ciki.

Na biyu: a auna ƙarfin jini a idon sawu da a hannu, da wata ƙaramar na'ura mai suna Doppler, a raba na ƙafa da na hannu. Idan sakamakon 0,9 ne ko ƙasa, alamar ƙunci ce. Babu allura, babu tsaga.

Na uku: idan ya haura 1,4, hanyoyin sun ƙandare, awon ba abin dogaro ba ne, sai a auna a babban yatsan ƙafa.

Waɗanda suka fi cancantar awon su ne dattawa, da masu shan taba, da wanda ya shekara 10 da ciwon, da mai miki a ƙafa. Wanda aka samu da ƙuncin, a kula da zuciyarsa da ƙwaƙwalwarsa, domin cutar ba ta tsayawa a ƙafa. Ya bar taba, ya lizimci tafiya bisa shawarar likita, ya riƙe maganinsa.

Mu kuwa, muna wanke ƙafafunmu a kowace alwala. Mai ciwon ya duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, ya tsane su. Kada ya taka rairayi mai zafi ba takalmi, kada ya miƙa ƙafa ga garwashi da hunturu, kada ya kai ta ga askar wanzami. Yatsa ya yi baƙi, ko miki ya ɓullo, a tafi asibiti ranar.

Jiki amana ne, neman magani kuma bai saɓa wa tawakkali ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.