Da Wane Littafi Za a Fara? Tsohuwar Tambaya a Zaurukan Falsafa na Intanet

A zaurukan intanet da ake tattauna falsafa, sabon shiga ba ya cika farawa da batun samuwa ko adalci. Abin da yakan tambaya shi ne littafin da ya dace ya fara karantawa. Wannan maƙala na ganin cewa amsar wannan tambaya matsaya ce ta falsafa, domin duk wanda ya jera littattafai ya riga ya yanke hukunci kan abin da yake tushen ilimi.

Magabata sun san haka. Iyambilikus, wanda ya rasu a farkon ƙarni na 4, ya tsara wa ɗalibai muhawarori 12 na Aflatun. Ya fara da Alcibiades na farko saboda jigonsa sanin kai ne, ya rufe da Timaeus da Parmenides. A ganinsa, wanda bai san kansa ba bai isa ya yi bincike kan halitta ba. Abin lura, tun ƙarni na 19 wasu masana ke shakkar cewa Aflatun ne ya rubuta wannan littafin farko.

Manhajar karatun Aristotal kuwa ta wata ƙofa ake shigarta. A ƙarni na 3 Farfuriyus ya rubuta Isagoge a matsayin share fage ga manɗiƙi, inda ya bayyana jinsi da nau'i da abin da ke bambanta su. Wannan suna ya shiga Larabci, har Al-Abhari ya kira nasa taƙaitaccen littafin Isaguji a ƙarni na 13. Daga wannan silsila Al-Akhdari, wanda almajiran ƙasar Hausa suka sani da Ahalari, ya waƙe manɗiƙi a cikin Sullam a ƙarni na 16, littafin da malaman zaure suke karantarwa.

A duk waɗannan tsare-tsare akwai malamin da ya san ɗalibinsa, yake kuma iya hana shi wuce wani littafi. Zaurukan intanet sun rasa wannan. Mai ba da shawara bai san shekarun mai tambaya ko harsunan da yake ji ba, kuma sau da yawa amsar da ta fi samun ƙuri'a ce ke hawa sama. Ta haka ɗalibi ke tashi da jerin sunaye masu daraja, ba tare da an gaya masa dalilin da ya sa wannan ya gabaci wancan ba.