Yaron da Ya Gagara: Ƙuruciya ce, Aljani ne, ko Lalurar Hali?

 

'Yan uwa magidanta, iyaye maza da iyaye mata, darasinmu na yau ba na saiwa da sassaƙe ba ne. Na san da yawanku kun fi son in ce a samo kaza a haɗa da kaza, a sha safe da yamma. Yau dai ku yi mini haƙuri ku karanta har ƙarshe, don magana ce da ta shafi ran 'ya'yanmu.

Da wuya mako ya fita ba a kawo mini saurayi ko budurwa nan Zauro ba, uba ya zauna ya ce, "Malam, wanga yaro ya gagare mu." In na tambayi abin da suke zato, amsar ba ta wuce uku: an yi masa sammu, aljani ya shige shi, ko kuwa iskanci ne kawai, bulala yake so. Akwai ta huɗu da ba mu cika sani ba, wadda likitocin ƙwaƙwalwa ke kira lalurar hali. Ni ma ban san ta da arha ba.

Shekarun baya an kawo mini wata yarinya 'yar shekara 15 daga wani ƙauye na bakin fadama. An saki uwarta tun tana ƙarama, ta tashi hannun wannan, ta koma hannun wancan. Yau ta ce duk duniya ba ta da kamar gwaggonta, gobe ta ce gwaggon nan ita ce babbar maƙiyiyarta. In ranta ya ɓaci sai ta ɗauki reza ta tsattsaga damtsenta. Na ce aljani ne. Wata biyu ina yi mata ruƙiyya, ina ba da hayaƙi da man shafawa. Wani dare sai ta ɗauki maganin feshin shinkafa na babanta ta sha. Allah Ya yi da sauran kwananta, aka yi saurin kai ta asibiti. Da na je dubiya, likitan ya ja ni gefe cikin ladabi ya ce, "Baba Malam, a wata biyun nan, ka taɓa zaunar da ita ka tambaye ta abin da ke cin ranta?" Wallahi ban taɓa ba. Aljanin da nake zato nake ta yi wa magana, yarinyar kuwa tana zaune gabana ban ce mata uffan ba.

*Yadda ake gane ta*

Da farko kada kowa ya karanta wannan ya je ya ce ɗansa na da lalura. Balaga kanta guguwa ce. Likitoci sun tabbatar ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa mutum birki ya sa shi tunanin ƙarshen abu, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Saboda haka ɗan shekara 16 da ke ƙunƙuni, yana son kwana hira da abokai, yana ganin ya fi babansa wayo, wannan ƙuruciya ce. Mu ma mun yi, mun dai manta ne.

Abin da ke raba ƙuruciya da lalura shi ne daɗewa, da yaɗuwa, da cutarwa. Halin ya zauna daram, ba na wata ɗaya ko biyu ba. Littafin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ya shardanta cewa ga wanda bai kai 18 ba, sai alamun sun yi aƙalla shekara guda cur. Sabon kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, ya ambaci kamar shekara biyu, ya kuma kasa lalurar zuwa mai sauƙi, matsakaiciya da mai tsanani. Sannan halin yana bin yaron ko'ina: gida, Islamiyya, boko, gona, wurin sana'a. In a gida kaɗai yake tsiya amma malamansa da maigidansa na kasuwa suna yabonsa, to Alhaji, a binciki gidan tukuna. Na uku, halin yana cutar da shi kansa: abota ba ta ɗore masa, karatu ya watse, shi ma yana shan wahalar abin amma ya kasa bari.

Nau'in da na fi so ku riƙe shi ne irin na yarinyar can, wanda zuciya ba ta tsayawa wuri guda. Mai shi yana da mugun tsoron a guje shi. Uwa ta tafi biki Argungu kwana biyu, shi a ransa an yar da shi ke nan. Ƙawa ta yi jinkirin amsa saƙo, an shiga gaba. Mutum a wurinsa ko mala'ika ne ko shaiɗan, babu tsakiya, kuma yana iya sauya maka matsayi tsakanin azahar da la'asar. Fushinsa kamar wutar kara, in ta lafa sai kuka da nadama da tsanar kai. Yakan ce yana jin cikinsa wayam, bai san ko shi wane ne ba. Wasu na yanka jikinsu ko su ƙona da wuta, kuma in ka tambaye su za su ce zafin fata ya fi musu sauƙi a kan na zuci. Ku lura da yarinyar da ba ta yarda a ga damtsenta ko a cikin mata 'yan uwanta, da yaron da ke sa doguwar riga mai hannu cikin zafin bazara ba ya cirewa.

Akwai kuma mai ƙetare iyaka: ƙarya ba ƙyaftawa, sata, cin zalin ƙanana, azabtar da dabba, in an kama shi ko a jikinsa. Shi wannan likitoci ba sa yanke masa hukuncin lalurar hali sai ya cika 18, kafin nan matsalar ɗabi'a suke ce mata, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai mai shiru, wanda ke gudun mutane don tsoron a kushe shi, ko yake zargin kowa da nufinsa da sharri. Shi ne muka fi sakaci da shi, muna cewa "ai wane salihi ne, ba ruwansa da kowa."

*Abubuwan da ke kama da ita*

Nan ne ake yawan kuskure. Lalurar hali a hankali take tasowa. In yaro lafiya lau yake sai kwatsam ya birkice, nemi wani dalili. Ƙwaya ce ta farko da za a bincika: tramol, wiwi, sholisho, zaƙami, da maganin tari mai kodin wanda gwamnatin tarayya ta hana shigowa da shi da sarrafa shi a 2018 amma bai ɓace ba. Akwai ciwon damuwa, akwai farfaɗiya irin wadda ba ta kayar da mutum, akwai taɓin hankali na jin muryoyi. In birkicewar ta zo da zazzaɓi ko sanƙarewar wuya, ba ni za a kawo wa ba, asibiti za a nufa a ranar. Sai abin da ba ma son faɗa: yarinya ko yaron da ya sauya dare ɗaya, a tambaye shi a asirce ko wani ya taɓa shi, ko da na cikin gida ne.

Asalin lalurar kuwa haɗaka ce. Akwai abin da ake gada na saurin jin zafin abu, akwai abin da rayuwa ta ɗora: maraici, sakin aure, yawon riƙo, duka mai tsanani, gorin da ba ya ƙarewa. Ban faɗi haka don a ɗora wa uwa laifi ba. Ana samun ta a gidan da aka yi tarbiyya iya ƙoƙari.

Wani zai ce Malam ya koma ɗan boko, ya musanta aljanu. A'a. Aljanu gaskiya ne, sihiri gaskiya ne, ruƙiyya ta shari'a halas ce, har gobe ina yi. Abin da na daina shi ne kiran kowane ciwon zuci aljani. Kuma wannan ba ilimin Turawa kaɗai ba ne. Abu Zaidil Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 934 Miladiyya, ya rubuta Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya yi bayanin fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtukan rai masu magani, har ya nuna amfanin mutum ya samu mai hikima da zai riƙa yi masa magana yana gyara masa tunani. Imamul Gazali a cikin Ihya ya yi raddi ga masu cewa hali ba ya sauyuwa, ya nuna ana gyara shi da horon kai sannu a hankali. Mu Hausawa mun ce hali zanen dutse. Karin magana ne, ba aya ba ce.

*Magani*

Babu ƙwayar da ke gyara hali, asibiti ma ba su da ita. Likita kan ba da magani don abin da ya raɓu da lalurar, kamar damuwa ko rashin barci. Asalin maganin zama ne da gwani a yi ta magana, mako bayan mako, ana koya wa yaro yadda zai gane fushi tun yana tasowa, yadda zai jure ɓacin rai ba tare da ya cutar da kansa ba, yadda zai nemi abu ba da ihu ba. Shahararriyar hanyar wannan horo wata masaniya ce 'yar Amurka, Marsha Linehan, ta tsara ta. A 2011 ta fito ta bayyana cewa ita kanta an kwantar da ita asibitin ƙwaƙwalwa tana 'yar shekara 17, tana yanka jikinta. Binciken da aka bi masu irin wannan lalura shekara da shekaru ya nuna mafi yawansu alamun na lafawa. Don haka kada a yanke ƙauna.

Mu nan Allah Ya rufa mana asiri, ba sai an yi nisa ba.  Akwai asibitin tarayya da na Sir Yahaya a Birnin Kebbi, in abin ya fi ƙarfinsu su tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, jihar Sakkwato. Zuwa can ba ya nufin ɗanka mahaukaci ne. Ku je da wanda ya fi sanin yaron, a faɗa wa likita komai, har da abin kunya, har da abin da kuka karɓa wurin irinmu.

Aikin gida ya fi na asibiti yawa. Yau ɗin nan, kafin ka kwanta, tattara maganin feshi, da fiya-fiya, da Sniper, da ragowar ƙwayoyin asibiti, ka sa a akwati ka kulle, makullin ya zauna aljihunka. Mu manoman shinkafa ne, kusan kowane zaure akwai galan a jingine. Yunƙurin kashe kai sau da yawa na ɗan lokaci ne, in abin bai kusa da hannu ba sai guguwar ta wuce. In yaro ya ce gara ya mutu, kada a ce barazana ce, kada a ce "je ka mutu mana." Zauna ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa. Tambayar ba ta cusa masa tunanin. In ya amsa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti.

In ya hau sama, kai ka sauko. Ka fara da nuna ka ji zafinsa: "Na ga abin nan ya ƙona maka rai." Wannan ba goyon bayan laifi ba ne. In ya huce sai a yi maganar laifin, kuma doka ta zama guda: kada Baba ya hana, Inna ta ba da a ɓoye. Ladubban fushi da Manzon Allah (SAW) ya koyar, neman tsari, yin shiru, sauya tsayuwa zuwa zama, a koya masa su lokacin da yake cikin natsuwa, ku riƙa yi tare. Ba a koyon iyo ranar da Gulbin Rima ya kawo. A nema masa babba guda da yake jin nauyi, kawu ko malami, wanda zai riƙa sauraronsa ba tare da ya kai rahoto ba.

Abu biyu nake roƙonku don girman Allah. Kada a kai yaro gidan mari. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019, mutum sama da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka, muka sake ganin irinsa a Daura wata guda bayan haka. Yaron da babban tsoronsa a yar da shi, ka ɗaure shi wurin baƙi, ka tabbatar masa da abin da yake tsoro. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu, aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba masu lalura haƙƙin a mutunta su. Na biyu, aure ba magani ba ne. "A yi mata aure ta natsu" ya jawo zawarci da goyo tun kafin shekara 18. A yi magani tukuna.

To me ya rage wa mai maganin Musulunci? Abin taimako, ba waraka ba. Talbina, kunun garin sha'ir da madara da zuma, wadda hadisin Nana A'isha a Bukhari ya yabe ta ga mai baƙin ciki, a ba shi da ɗumi. Shayin babunaj ko na'a-na'a da dare maimakon shayi mai kauri da lemukan ƙara kuzari. A karɓe waya bayan isha'i don barci ya samu, a sa shi aikin jiki da rana. Azkar na safe da yamma, uwa ko uba su dafa kansa su yi masa tofi da taushin murya, babu duka, babu shaƙewa, babu hayaƙin barkono. Duk wanda ya ba ku haɗin da ke sa yaro barci kamar gawa, ku tambaye shi me ke ciki, don wasu zaƙami suke sawa. Kuma kada a dakatar da maganin likita don an fara nawa.

Yarinyar can tana nan da ranta. Ta daɗe tana zuwa ganin likita, gwaggonta na raka ta, ni kuma ina nawa na addu'a. Yanzu ɗinki take yi, har tana koya wa wasu.

Masu turo tambaya a kan wannan darasi, don Allah kada ku rubuta sunan yaro ko unguwarku, shekarunsa da abin da kuka gani sun isa. Darasi mai zuwa in sha Allahu za mu yi shi a kan zaƙami da sholisho, da yadda uwa za ta gane alamunsu a idon ɗanta. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.