Yadda Ake Haɗa Ruwan Darbejiya Don Tsutsar Lemo

Duk mai lemun tsami a lambu ya san ta: tana ƙarama kamar kashin tsuntsu a kan ganye, in ta girma ta koma kore shar, ka taɓa ta ta fito da ƙahoni biyu masu wari. 'Yar malam-buɗe-littafi ce, kuma sabon toho take bi. Ƙaramin dashe, cikin 'yan kwanaki sai ta bar maka tsinke.

A wurin kawuna na koyi maganinta, kuma ban taɓa ganin ya sayi kwalbar feshi ba. 'Ya'yan darbejiya ne, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina. Yara ke tsinto waɗanda suka nuna suka faɗo, a wanke, a shanya a inuwa. Wanda ya yi funfuna a zubar. Sai a ɓare, a daka rabin kilo, a jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana. Dakan kuwa a tsohon turmi ake yi, don in ka taɓa na tuwo, ɗacin zai haɗa ka da matan gida.

Washegari a tace da ƙyalle sau biyu, in ba haka ba tuƙar ta toshe bakin famfon feshi. A narka ɗan sabulu don ruwan ya kama ganye. In sabulun ya yi yawa, shi zai ƙone tohon.

Feshin ne ke raba gwani da ɗan koyo. Rana na kashe ƙarfin maganin, shi ya sa kawu ba ya farawa sai la'asar sakaliya. Yakan durƙusa ya juya bakin famfon sama, ya jiƙa ƙarƙashin ganye kafin bayansa. Manyan tsutsotsin kuma da hannu yake tsince su.

Washegarin ranar da na fara, da sassafe na tarar da tsutsa tana motsi, na ce aikin banza muka yi. Kawu ya ce, "Ɗana, duba bakinta, ci take yi?" Ashe darbejiya ba kisan take take yi ba. Ci take hana ta, ta hana ta saɓa, har ta bushe a wurin.

A maimaita duk mako, ko in ruwan sama ya wanke. Ɗacin nan kan kwana a hannuna, amma lemon da muka yi wa hidimar yanzu inuwarsa ake zama.