RIJIYA DA WASIƘA
Darasi a kan taimakon na nesa

A cikin darasinmu na wannan wata za mu duba labarin makarantu biyu, ɗaya a garin Kemptville na ƙasar Kanada, ɗaya kuwa a ƙauyen Angolo cikin arewacin Uganda. Teku ne a tsakaninsu, harshensu kuma ba ɗaya ba ne. Abu biyu suka haɗa su, watau rijiya da wasiƙa. Muna so mu gane aikin da kowace ta yi, gama mutane da yawa su kan tara gudunmawa domin na nesa, amma kaɗan ne su ke sanin waɗanda suka taimaka.

1. Mafarin abin

A watan Janairu 1998 wata malama ta gaya wa 'yan aji ɗaya cewa akwai yara a Afirka da su ke ciwo, waɗansu har su mutu, saboda rashin ruwa mai tsabta. Ta ce dala 70 ta isa a yi rijiya. Cikin ajin akwai wani yaro mai shekara 6, sunansa Ryan Hreljac. Da ya koma gida ya roƙi iyayensa kuɗin nan. Ba su ba shi kyauta ba, suka ce sai ya yi aiki ya samu. Sai ya shiga share ɗaki da wanke tagogi, ana biyansa kaɗan kaɗan, har wata 4 kafin kuɗin ya cika.

Mu lura da hikimar iyayen nan. Da sun zaro kuɗin daga aljihu ran nan, da watakila yaron ya manta kafin mako ya kewayo. Abin da mutum ya yi wa gumi ba ya saurin fita zuciyarsa.

2. Ainihin kuɗin rijiya

Sa'anda ya kai kuɗin wurin ƙungiyar WaterCan a birnin Ottawa, aka yi masa godiya, aka kuma faɗa masa gaskiya. Dala 70 kuɗin famfon hannu ne kaɗai. Haƙa rijiyar kanta sai dala 2,000. Yaron bai fasa ba, amma a fili ya ke shara ba za ta kai shi can ba. Nan ne jama'a suka shigo. Jaridar garin ta buga labarin, maƙwabta da abokan iyayensa suka fara aiko da abin da suka iya, 'yan makarantarsu kuma suka yi ta zuba 'yan kuɗinsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wata ƙungiyar likitocin Kanada masu aikin agaji, wadda a ke kira CPAR, ita ce ta ɗauki aikin haƙan, gama tana da ma'aikata a Uganda. Ryan ya roƙa a yi rijiyar kusa da makaranta, domin yara irinsa su sha. Aka zaɓi makarantar firamare ta Angolo, inda yara su ke tafiyar wajen mil 3 kafin su sami ruwa. A 1999 aka gama rijiyar.

3. Aikin wasiƙa

Da labarin ya tsaya a nan, da sai mu ce mai abu ya ba marar abu, shi ke nan. Amma a shekaran nan malamar ajin su Ryan ta shirya yaranta su zama abokan wasiƙa da yaran Angolo. Kowane yaro ya sami nasa. Wasiƙa ta kan yi makonni a hanya kafin amsa ta zo. Abokin da Ryan ya samu shi ne Akana Jimmy, maraya, wanda ya ke zaune wurin danginsa. Jimmy ya rubuto ya ce yana son ƙwallon ƙafa, gidansu kuma na ciyawa ne. Ryan ya amsa ya ba shi labarin nasa gida, ya tambaye shi ko yana shan ruwan rijiyar.

Maganganun nan ƙanana ne, amma ga abin da suka yi. Dā yaran Kemptville sun san akwai “matalauta a Afirka”, jama'a mai yawa marar suna. Yanzu kuwa sun san akwai Jimmy, mai son ƙwallo kamarsu. Yaran Angolo kuma sun gane ba wani babban attajiri ne ya yi masu rijiya ba, yara ne tsararsu. Ta wurin wasiƙa kowane gefe yana bayarwa, kowane gefe yana karɓa, ba wanda ya ke sunkuyar da kai.

An ce zumunta a ƙafa ta ke. A watan Yuli 2000 Ryan da iyayensa suka tafi Angolo, maƙwabtansu ne kuwa suka taimaka da tikitin jirgin sama. Dubban yara suka jeru bakin hanya suna tafi. A can ne abokan nan biyu suka ga juna ido da ido. A 2001 aka kafa gidauniya mai suna Ryan's Well Foundation domin aikin ruwa ya ci gaba a ƙasashe da dama.

4. Ranar wahala

A shekarun nan arewacin Uganda yana cikin yaƙi. 'Yan tawayen LRA, ƙarƙashin Joseph Kony, su kan fāɗa wa ƙauyuka da dare su kwashe yara domin su mai da su sojoji. Wata rana suka kama Jimmy, suka ɗaure shi, amma ya sami hanya ya tsere. Yara da yawa da aka kwashe haka ba a sāke jin labarinsu ba. Jimmy kuwa yana da mutanen da suka san sunansa a wata ƙasa. Da labari ya kai wurin iyayen Ryan ba su huta ba sai da suka kawo shi Kanada a 2003. Hukuma ta ba shi mafaka, ya zauna a gidansu kamar ɗa, daga baya shi da Ryan duka suka gama jami'a.

Kada mu ɗauka cewa amfanin abokin wasiƙa shi ne a kai mutum ƙasar waje. Yaro ɗaya ne ya tafi, sauran suka zauna a ƙasarsu, rijiyar kuwa domin su aka haƙa ta. Abin lura shi ne, ran da wahala ta zo, kuɗin da aka tara a 1998 ya riga ya ƙare cikin ƙasa, amma sanin juna da wasiƙu suka kawo yana nan da ƙarfinsa.

5. Abin da za mu riƙe

Na fari, in za mu tara gudunmawa, mu bincika ainihin kuɗin aikin tukuna, kada mu tsaya a rabin hanya. Na biyu, mu ba da kuɗin ta hannun amintattu waɗanda su ke wurin, suka kuma san bukatar mutanen. Na uku, mu bar yara su sa nasu gumi a ciki. Na huɗu, kada kuɗi ya tafi shi kaɗai. Wasiƙa ta bi shi, mu kuma jira amsa, mu karanta ta da ladabi, gama mai karɓa ma yana da abin da zai koya mana.

Tambayoyi

1. Don me iyayen Ryan ba su ba shi kuɗin nan da nan ba?
2. Su wane ne suka sa hannu kafin dala 2,000 ta cika?
3. Wane abu wasiƙa ta yi wanda kuɗi bai iya yi ba?
4. A cikin waɗanda muka taɓa aika wa gudunmawa, mutum nawa muka san sunansu?