Darasin Uwargida: Ruwan Shinkafa Da Kirfa

Yau ga wani abin sha mai sanyi da za ki iya haɗawa da abin da ke cikin ɗakin girkinki: shinkafa, kirfa da ɗan sukari. Ya dace da watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, yara su dawo makaranta maƙogwaro a bushe, maigida ma ya shigo yana neman abin jiƙa baki.

Mutanen ƙasar Meziko ne suka shahara da shi, suna ce masa "horchata". Sunan kuwa daga ƙasar Sifen suka gaje shi, inda a yankin Balansiya har gobe da aya ake yin sa, wato dai ɗan uwan kunun ayarmu ne. Masana tarihi na danganta yaɗuwar noman aya a can da zamanin mulkin Musulmi a Andalus, wanda ya fara a shekarar 711 ya ƙare a 1492. Da sunan ya tsallaka teku sai aka maye gurbin aya da shinkafa. To mu da Allah ya hore wa shinkafar fadamar Rima, me zai hana?

Ki nemi shinkafar tuwo, ɗanya wadda ba a turara ba. Turararriya ba ta ba da farin nan mai kyau, kuma tana da wani ɗan wari. Gwangwanin madara biyu sun isa, da sandar kirfa ɗaya kamar tsawon yatsanki, da ruwa lita ɗaya da rabi, kimanin ledar fiya wata uku ke nan. Kirfa tana nan wurin masu kayan yaji a Tsohuwar Kasuwa. Wadda aka fi samu ita ce mai kauri da tauri. Akwai ta ƙasar Siri Lanka, siririya mai naɗi kamar takarda, ta fi taushin ƙamshi. Mai kaurin tana ɗauke da wani sinadari da yawan cinsa kullum kan wahalar da hanta, don haka kar ki ce sai kin zuba tuli. Zancen da ake yi cewa kirfa na warkar da ciwon sukari kuma, kar ya sa mai ciwon ya ajiye maganinsa, balle ma abin shan da sukari ke ciki.

Ki tsince shinkafar, ki wanke sau uku har ruwan ya washe. Nan ne wurin da nake so ki natsu, domin wannan abin sha ba kamar kunun gyaɗa ba ne da ake ɗorawa a wuta. Shinkafar ɗanya ake sha, ke nan duk abin da ya shiga ruwan, cikin ɗiyanki zai tafi. Ki tafasa rabin ruwan, ki juye shi da zafinsa a kan shinkafa da kirfar, ki rufe ruf. Mu nan Kalambaina mun san ƙurar hanya da ta manyan motoci, kwano a buɗe ba ya minti goma bai yi fari ba. Awa uku zuwa huɗu ya isa jiƙo. In kin ji ana cewa a bar shi ya kwana, to sai dai cikin firij in akwai wuta. Na taɓa barin nawa ya kwana a tsakar gida cikin watan Afrilu, da safe na tarar ya yi kumfa yana tsami kamar ƙullun masa. Zubarwa na yi.

Idan ya jiƙa sai ki kakkarya kirfar ki markaɗa su tare da ruwan jiƙon a bilanda har ya yi laushi sosai. In injin markaɗe za ki kai, ki sa a ɗauraye shi a gabanki, in ba haka ba ki dawo da ruwan shinkafa mai ɗanɗanon tattasai. Ki tace da kyalle mai tsabta, ba rariya kaɗai ba, ki maimaita. Ki ƙara sauran ruwan, wanda shi ma kin tafasa ya huce. Tsakin da ya rage kar ki zubar, ya shiga ƙullun masa.

Sukari kuwa, cokalin shayi takwas sun wadatar da wannan awon. Hukumar Lafiya ta Duniya a shekarar 2015 ta ba da shawarar kada babba ya wuce kimanin cokalin shayi 12 a yini, a haɗa da na shayi da na lemo. Ni dai na fi son dabino, guda bakwai a cire ƙwallo a jiƙa su tare da shinkafar. Launin zai ɗan yi duhu amma ɗanɗanon ya fi. Mai son gardi ta zuba madara rabin gwangwani.

Wajen sanyayawa, ƙanƙarar da kika saya ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba. Ki zuba abin shan a gora ki rufe, ki tsoma gorar cikin ƙanƙarar. Kafin ki tsiyaya ki girgiza, don garin na kwantawa ƙasa. In babu firij a shanye shi a ranar, in akwai kar ya wuce kwana biyu.

Saura abu ɗaya, musamman ga masu goyo. Farinsa kamar madara ne, amma ba madara ba ce, ba shi da abin gina jikin da yaro ke buƙata. Jaririn da bai kai wata shida ba nonon uwa kawai zai sha, wanda aka yaye ma kar ya zama wannan ne madararsa. In tsoho ko mai jinya za ki ba, ki ɗora tataccen ruwan a wuta kina juyawa har ya tafasa. Zai yi kauri kamar kunu, sai ki sassauta shi da dafaffen ruwa. A sha lafiya.