Yadda ake haɗa kayan rabo masu ɗauke da sunan sana'a da kuɗi kaɗan

Ranar Juma'a titunan da ke kewaye da Masallacin Sultan Bello a Unguwar Sarki cika suke yi, ba masaka tsinke. Tun 1962 masallacin yake tara jama'ar Kaduna, kuma inda jama'a ta taru ciniki yana nan: masu turare, masu huluna, masu dabino da zuma. Sai dai mai saye yakan biya ya kama gabansa bai riƙe sunan wanda ya sayar masa ba, mako mai zuwa kuma wanda ya fara cin karo da shi shi zai ba kuɗinsa. Haka abin yake ga telan da ke cikin lungu, da matar da ke cincin da dubulan a cikin gida, da mai gyaran waya a bakin titin Ali Akilu. Gyaran da ɗan kasuwa ya saba yi wa mai saye ana cinye shi a ranar. Kayan rabo gyara ne da ke kwana a gidan mutum da sunanka da lambarka a jikinsa, kuma ba sai kana da kamfani ko injin buga rubutu za ka iya yin su ba.

Fara da zaɓen abin da za ka raba

Nan ne yawanci ake ɓarar da kuɗi, don haka nan za mu daɗe. Kada ka tambayi mai dab'i me ake yayi. Ka tambayi kanka: mutanen da ke saye a wurina, me suke riƙewa a hannu kullum? Mai sayar da kayan gyaran babur, abokan cinikinsa 'yan acaɓa ne da masu Keke Napep, maratayin makulli ya fi musu amfani da kofi. Mai sayar da kayan miya ko kayan ƙamshi, mata ne ke zuwa wurinsa, jakar cefane mai ƙwari ita ce za ta riƙa zagaya kasuwa da sunansa. Mai makarantar Islamiyya ko mai sayar da littattafai, biro da jota. Tela kuwa yana da abin da babu wanda ya kai shi: ƙyallayen da suka rage a ƙarƙashin kekensa. Ya haɗa su ya ɗinka 'yar jakar waya ko ta kuɗi, ya liƙa ɗan tambari a ciki, bai sayi komai ba sai zare da zif.

Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne kwana nawa abin zai yi ana gani. A ce takardar talla ta ci maka naira 50, aka karanta aka yar a ranar. A ce maratayin makulli ya ci 500 amma ya shekara a aljihun mutum. Na biyun ne mai araha. Lokaci ma yana da nasa hukuncin. Mafici a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kaduna ke kan ganiyarsa, ya fi komai farin jini. Jota da biro sai watan Satumba da yara ke komawa makaranta. Kalanda dole ta fita kafin ƙarshen Disamba, domin gidan da ya riga ya rataya ta wani ba zai sauke ba. Kafin azumi kuwa, ɗan kati mai jadawalin lokutan sahur da buɗe-baki na Kaduna yakan yi wata guda a jikin bango. In za ka yi shi, ka karɓo jadawalin daga malamai ko kwamitin masallaci, kada ka kwafo na wani gari daga intanet, kuma ka tuna fara azumin yana jiran sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi.

Riga da hular hana-sallah ban cika ba mai ƙaramin jari shawarar farawa da su ba. Suna da tsada, ga rigimar girma da ƙanƙanta, kuma rigar talla mai sharashara ƙarshenta tsumman goge mota.

Ka yanke adadin kuɗin kafin ka taka kasuwa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yuni, farashin takarda da tawada da roba bai zauna wuri ɗaya ba, saboda yawancinsu daga waje ake shigo da su. Farashin da wani ya gaya maka wata uku da suka wuce labari ne kawai. Ka raba kuɗin gida biyu: kaso mafi yawa ga abu mai araha da kowa zai samu, ɗan kaso ga mutum goma ko ashirin da su ne ƙashin bayan cinikinka, waɗanda za a buga wa sunayensu.

Abin da za a rubuta

Abu uku sun isa: sunan sana'a, abin da ake sayarwa a kalma biyu ko uku, da lambar waya ɗaya. Ɗaya, ba uku ba. Ka raba lambobin 11 ɗin gida uku, wato huɗu, uku, huɗu, domin ido ya fi saurin kama su haka. In akwai sarari ka ƙara kwatance irin wanda mutane ke ganewa, kamar "Unguwar Sarki, kusa da Sultan Bello", wanda ya fi lambar shago amfani ga ɗan Kaduna. Mai amfani da WhatsApp Business zai iya ciro alamar QR daga cikin manhajar ya sa, amma kada faɗinta ya gaza santimita 2, in ba haka ba wayoyi da yawa ba za su karanta ba.

Launi ɗaya ko biyu. Wannan ba don kyau kaɗai ba ne: a bugun allo, wato wanda ake matsa tawada ta cikin raga, kowane launi da nasa allon da nasa kuɗin. Baƙi a kan rawaya ko fari a kan shuɗi mai duhu ana hango su daga nesa.

Za ka iya tsara zanen a wayarka da Canva ko PixelLab, ko ka biya mai CorelDraw ya yi maka sau ɗaya ka riƙa amfani da shi shekaru. Ko wanne ka bi, ka lura da abubuwa biyu. Na farko, in za ka tura wa mai dab'i ta WhatsApp, ka tura shi a matsayin fayil, PDF ya fi, domin in ka tura a matsayin hoto manhajar takan matse shi, rubutun ya fito dishi-dishi. Na biyu, haruffa masu lanƙwasa. Ba kowane salon rubutun kwamfuta ke da ƙ da ɗ da ɓ ba, sai ka ga an bugo ɗan akwati a gurbinsu ko an cire lanƙwasar gaba ɗaya. Ka duba da idonka a kan allon mai dab'in kafin ya danna.

Akwai kuma abin da ya shafi addini, wanda mai dab'i ba zai tuna maka ba. Buta kyauta ce mai kyau, kowane gida da masallaci yana bukatarta, amma buta tana shiga bayi. In sunan shagonka yana ɗauke da sunan Allah, ko sunanka Abdullahi ko Abdurrahman, kada ka buga shi a kan buta, ko leda, ko takardar da za a naɗe ƙosai. Ka sa sunan kayan da lambar waya kawai. Aya ko hadisi ma wurinsu abin da ake ratayewa a bango, ba abin da zai ƙare a bola ba.

Hanyoyin sa sunan, daga mai araha zuwa mai tsada

Sitika ita ce ƙofar shiga. Ka sayo kayan da babu rubutu a jikinsu, dozin-dozin, a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ko ka sa a aiko maka daga Kano in yawan ya kai ya biya kuɗin mota. Sannan ka kai zanenka wurin masu dab'i na cikin gari, wajajen titin Ahmadu Bello. Takardar A3 santimita 29.7 ce a faɗi, 42 a tsawo, ke nan sitika mai santimita 5 faɗi da tsawo za ta jeru biyar a layi, layi takwas, guda 40 a takarda ɗaya. Takarda biyar sun ba ka 200. Ga abin da zai taɓa ruwa, kamar buta, bokiti ko gorar zoɓo, ka ce sitikar roba kake so, wadda suke kira SAV, domin ta takarda wanki ɗaya take yi. Kafin liƙawa ka goge wurin da auduga da sifirit, ka bari ya bushe, ka fara manna tsakiya kana shafawa zuwa gefe da tsohon katin waya don kada iska ta maƙale. A kan abu mai tumbi irin buta, ƙaramar sitika ta fi zama, babba tattarewa take yi.

Hatimin roba kuwa sau ɗaya ake biya. Da shi da ɗan akwatin tawada za ka buga ɗaruruwan jakunkunan takarda da bangon jota a zaune a shago.

Ga jakar yadi akwai hanyar da za ka yi da hannunka. Ka buga sunan da manyan haruffa masu kauri a takarda, ka ɗora roba mai ɗan tauri a kai (masu rubutun allo sun daɗe suna amfani da tsohon fim ɗin hoton ƙashi na asibiti), ka yanke haruffan da sabuwar reza. Haruffa da lambobi masu ciki, irin o da a da 0 da 6 da 8 da 9, sai ka bar musu siririyar gada da za ta riƙe cikin, in ba haka ba ya faɗo ka samu dunƙulen baƙi. Ka zura kwali a cikin jakar don kada fenti ya ratsa ɗaya gefen, ka danne robar da tef, ka dangwali fentin yadi kaɗan da soso, ka riƙa dannawa daga sama. Kada ka goga, gugar ce ke tura fenti ƙarƙashin roba. In ya bushe sarai, ka shimfiɗa ƙyalle a kai ka bi da dutsen guga mai zafi na 'yan mintoci don ya kama. Ka fara gwadawa a tsumma. Fentin mai na bango yana da araha, amma yakan bushe ya tsage, kuma warinsa ba ya barin jakar da za a sa abinci.

In jakunkunan sun kai ɗari ko fiye, ka kai wa masu bugun allo. Kuɗin haɗa allon ɗaya ne ko guda goma za a buga ko ɗari biyar, don haka yawa ne ke sauko da farashi. In kai kaɗai ba za ka kai adadin ba, ku haɗu ku uku ko huɗu ku sayi jakunkunan tare a farashin sari, kowa ya biya allonsa.

Kofi mai hoto da suna aikin injin zafi ne. Ana buga zanen a juye a takarda ta musamman, a naɗa a jikin kofin, a gasa a zafin digiri 180 zuwa 200 na kimanin minti uku, tawadar ta koma tururi ta shige fatar kofin. Kofin tangaran na kasuwa ba ya karɓa, sai wanda aka shafe don wannan aikin, saboda haka ka bar mai injin ya kawo nasa. A yadi ma wannan hanya sai farar foliyesta. Ga auduga ko yadi mai duhu, bugun DTF ake yi. Duka biyun ba su damu da yawa ba, guda ɗaya ma ana yi, shi ya sa suka dace da kyautar mutum ashirin ɗin nan. Kada zumuɗi ya sa ka sayi injin. Ga kuɗinsa, ga wutar da yake ja, ga kofunan da za ka ƙona kafin hannunka ya faɗa. Sai in bugun ne kake so ya zama sana'arka.

Suna, gwaji da rabo

Sunan mutum a kan kyauta shi ke sa a ajiye ta, kuskure a sunan kuma ya fi rashin kyautar muni. Ka rubuta shi yadda mai shi ke rubutawa, Muhammad ne ko Mohammed, A'isha ko Aishatu. Wanda ya sauke farali ba a cire masa Alhaji, Hajiya ma haka. Wata ta fi son a ce Maman wane a kan sunanta na yanka. Hoton mutum, musamman matar aure, ba a sa shi sai da izini.

Kada ka yarda a buga duka sai ka riƙe guda ɗaya a hannu. Ka ba wani wanda bai ga zanen ba ya karanta da ƙarfi, ka sa shi ya kira lambar daga jikin abin, wayarka ta yi ƙara a gabanku. Ka wanke kofin, ka kankari sitikar da farce. Ka biya rabi, sauran sai aiki ya fito, ku rubuta adadi da launi da ranar karɓa a takarda ko a saƙo. Ka ba da tazarar mako biyu aƙalla. Gab da Sallah, da watan Disamba na bukukuwa, da kakar zaɓe, injinan Kaduna na manyan ayyuka ne, mai sitika 200 shi ake turawa baya. In kana da niyyar kai kaya Kasuwar Baje Koli ta Kaduna da ƙungiyar KADCCIMA ke shiryawa a kan hanyar Zariya, ka gama bugunka tun kafin a buɗe.

Rabo ba watsawa ba ne. In ka tsaya a bakin masallaci kana miƙa wa duk wanda ya wuce, yara za su kwashe cikin minti goma. Ka ɗaura kyautar a kan ciniki: wanda ya sayi na kaza ya samu jaka, wadda ta kawo sabuwar mai saye ta samu kofi. Butoci kuwa ka kai wa ladan ko kwamitin masallacin unguwa su ajiye a wurin alwala. Na manyan abokan ciniki ka kai da ƙafarka, ko ka haɗa da kayansu lokacin Sallah. Mai abincin saidawa da ke son raba ɗanɗano a ƙulle ta sa ranar da aka yi shi a jikin sitikar, kuma kada ta buga lambar NAFDAC in ba hukumar ce ta ba ta ba.

Ka ware shafi ɗaya a littafin shago. Duk baƙon da ya kira ko ya shigo, ka tambaye shi inda ya samu lambarka, ka ja layi a gaban jaka, ko buta, ko kalanda. Bayan wata uku ka ƙirga, ka sake buga wanda ya fi layuka, ka bar sauran. Ka kuma karɓi asalin fayil ɗin zanen daga hannun wanda ya tsara maka, ka adana shi a imel ɗinka, domin in waya ta ɓata ko ka sauya mai dab'i kada a sake cajinka kuɗin zane.